Za a yi min aikin hanji saboda endometriyosis, wa ta taɓa shiga wannan halin?

'Yar Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na rasa wanda zan tambaya ne shi ya sa na kawo nan.

Tun ina 'yar shekara 15 nake fama da ciwon mara in al'ada ta zo, irin wanda sai na kwanta kan siminti ina birgima, Mma ta ce in na yi aure zai daina, toh yau shekarata 4 da aure bai daina ba sai ma abin da ya yi gaba, haihuwar ma shiru har yanzu. Shekara biyun nan kuma abin ya koma wajen bayan gida, in ina al'ada na tsuguna ji nake kamar ana tura min wuƙa ta ƙasa, wani lokaci har da jini, cikina ya kumbura tim har maƙwabtan shagona a kasuwar Kejetia su fara min barka alhali ba komai. An ce basir ne na sha maganin basir, an ce sanyi ne, an ce taifot, a wani ƙaramin asibiti ma ce min aka yi raki ne ya min yawa. Sai watan jiya Allah ya haɗa ni da wani likitan mata da ya zauna ya saurare ni, ya tura ni sikanin ta ƙasa sannan hoton cikin jiki da ake kira MRI, ya ce endometriyosis ne, kuma ya manne bayan mahaifa da ƙarshen hanjina.

Nan da sati uku za a yi aikin, su biyu za su shiga, shi da likitan hanji. Ya ce ƙila kankarewa kawai za su yi, ƙila kuma sai an yanke wani ɓangare na hanjin an haɗa, kuma in abin ya zo da matsala za a iya sa min jaka a ciki na ɗan lokaci in riƙa bayan gida a ciki. Wallahi daga jin maganar jakar nan ban ƙara fahimtar komai da ya faɗa ba, kai kawai nake gyaɗawa har muka fito.

Wadda ta taɓa yi ta taimaka min, me zan shirya, me zan ci, yaushe zan iya komawa kasuwa? Atamfa da mayafai nake sayarwa kuma ni nake ɗaukar dilata. Sannan gidan haya muke, ɗaki 11 bayi ɗaya, wannan ma yana hana ni barci.

Maman Hamdiya, Nima:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta rubutunki sau biyu, kamar ni na rubuta shi. An yi min wannan aikin shekara biyu da suka wuce a nan Accra, ni yankewa aka yi aka haɗa, ba a sa min jaka ba. Bari in fara miki da abin da kika ajiye a ƙarshe don shi ne babba, maganar bayi.

Ana gobe aiki aka ba ni maganin wanke hanji, garin magani ne ake damawa a ruwa mai yawa ki yi ta sha kofi kofi. Ba kowace ake ba ba, ya danganta da likita, amma in an ba ki ki sani daga kin fara sha ke da bayi kun ƙulla, ni na daina lissafi bayan na goma, har sai da abin da ke fita ya koma ruwa tsararo. Ni Allah ya taimake ni an kwantar da ni tun ranar, a asibiti na sha. Ki tambaye su tun yanzu a gida za ki sha ko a can, in a gida ne to bayi ɗaya ga ɗaki 11 ba zai yiwu ba, ki sayi fo babba mai murfi ki ajiye a ɗaki ko ki koma gidan wata 'yar uwa mai bayi a ciki. Ki tanadi basilin ki riƙa shafawa don wurin zai yi zafi, ki riƙa tsarki da ruwa a hankali. Ranar ba tuwo ba waakye, ruwa ne da shayi ba madara da romo tatacce, shi ke nan.

Bayan aikin ma maganar bayin ba ta ƙare ba, kuma wannan ba wanda ya faɗa min sosai sai da na gani da idona. Watan farko sai in zaga sau shida sau bakwai a rana, kaɗan kaɗan, in fito in ji kamar ban gama ba, in ya taho kuma ba ya jira. Wata rana kuma ya ɗauke ɗif kwana biyu. Na yi kuka na ce an lalata min ciki, likitan hanjin ya ce ƙarshen hanji shi ne ma'ajiya, in an rage shi sai jiki ya sake koyo. A hankali ya yi ta daidaita, wajen wata huɗu na fara fita ba tare da na fara lissafin ina bayi yake a hanya ba. Don haka ni shawarata sati shidan farko ki yi su inda bayi ke kusa da gadonki, in da hali mai kujera, tsuguno da sabon ɗinki akwai wuya. Ni gidan yayata na koma a Madina.

Shi aikin da kamara aka yi min, huda huɗu ƙanana da wani ɗan yanka ƙasan mara inda aka fito da abin da aka yanke. Na farka da robar fitsari da ƙarin ruwa a hannu da wata roba a gefen ciki tana fitar da ruwa ruwan jini, kar ki tsorata in kin gan su, ɗaya bayan ɗaya ake cirewa. Abin da ya ban mamaki kafaɗata ce ta fi cikin ciwo, ashe iskar da suke hura ciki da ita ce don su ga wurin aiki, kwana biyu zuwa uku ta tafi. Washegari nas ta ce in tashi in taka, na ce ba zan iya ba, ta kama ni muka je bakin ƙofa muka dawo ina riƙe da jakar fitsarina. Kullum da safe in likitoci sun zagayo tambayar farko ita ce kin yi tusa? Ki cire kunya ki ba su amsa, da ita suke gane hanji ya farka. Tawa a kwana na uku ta fito, wata tsohuwa a gadon kusa da ni ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi. Kwana shida na yi aka sallame ni.

Kayan da za ki ɗauka, dogayen riguna masu faɗi, kar ki kai siket ko wani abu mai roba a ƙugu, silifas, audugar mata don za ki ɗan ga jini, buta taki, cajar waya mai doguwar igiya, da ƙaramin filo. Filon nan ki riƙe shi da kyau, in za ki yi tari ko atishawa ki danna shi a ciki, ranar komawa gida ma ki rungume shi a mota. Ki ɗauki tasi ki ce ya bi a hankali, ban da pragya ban da trotro.

Abinci na fara da koko tatacce wanda ba a sa masa citta da barkono ba, sai farar shinkafa mai laushi da romon kifi, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai ruwa ruwa da miyar ayoyo kaɗan. Kaɗan kaɗan sau biyar ya fi ki zauna ki cika ciki sau ɗaya. A sati na uku kwaɗayi ya ja ni na ci waakye da shito, daren nan ban runtsa ba, iska ta cika min ciki ina ta juyi. Wake, ƙose, gari, kabeji, lemon kwalba, ki ɗaga musu ƙafa tukuna, in kin tashi dawo da su ki dawo da su ɗaya ɗaya don ki gane wanda cikinki bai karɓa ba.

Dila kuwa ki manta da ita sati shida, ko bokitin ruwa kar ki ɗaga, ki nemi yarinya ta zauna miki a shago. Ni yanzu al'ada tana zuwa in yi girkina in je aikina, ciwon bai tafi duka ba amma wuƙar nan da kike faɗa babu ita.

Hajiya Mma, Sawaba:

'Yata Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai hanji ba abin wasa ba ne, da za ki ji tawa da kin ɗan jinkirta an gwada na gida tukuna, akwai masu sassaƙe da suka san ciwon mara. In kuma an riga an yanke magana to ki fara shan jiƙo tun yanzu jikinki ya yi ƙarfi, bayan aiki a samu mai gasa miki ciki da ruwan zafi kamar na jego. Salla kuma kar ta dame ki, in ba ki iya tsayuwa ki yi a zaune, in ba ki iya ba ki yi a kwance da ishara, addini ya ba da wannan. Kuma ki kai uwar mijinki wajen likitan ta ji da kunnenta, don kar gobe a ce an cire miki mahaifa ne a ɓoye, na ga inda irin wannan maganar ta kashe aure.

Anti Nas, Asawase:

Mma, maganarki ta salla da ta uwar miji gaskiya ce, Allah ya saka. Amma ki gafarce ni, jiƙo da gashin ciki kam a bar su. Wasu itatuwan suna tsinka jini wasu suna karo da maganin barcin da za a ba ta, shi ya sa muke cewa a daina duk wani na gargajiya kamar sati biyu kafin aiki. Gashi kuma, ciki ne da ɗinki a hanji, dannawa da tawul mai zafi ɓarna zai yi.

'Yar Aboabo, bari in miki bayanin abin da ya wuce ki a ɗakin likita. Ciwon nan wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifar, duk wata in al'ada ta zo shi ma ya kumbura ya yi jini, jinin ba shi da hanyar fita, sai wurin ya yi tabo ya riƙa manne kayan ciki da juna. Ba sanyi ba ne ba kuma wani ne ya miki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, wajen miliyan 190 a duniya. In ya taɓa hanji yawanci can ƙarshe yake kamawa kusa da dubura, tunda wurin yana jingine da bayan mahaifa, shi ya sa kike jin sa in kin tsuguna.

Aikin iri uku ne. In bai shiga ciki sosai ba sai a kankare shi daga saman hanjin. In ya nutsa amma ƙarami ne sai a fafe wurin kamar kwabo a ɗinke. In babba ne ko ya tsuke hanyar ko ya fito wuri fiye da ɗaya, shi ne ake yanke guntun hanjin a haɗa baki da baki, irin na Maman Hamdiya. MRI yana nuna musu hanya amma sai sun shiga suke tabbatarwa, shi ya sa ya lissafa miki duka. Jakar kuma ba kowa ake sa wa ba, mafi yawa ba sa buƙata. Ana sa ta ne in haɗin ya yi ƙasa sosai ko suna tsoron kar ya yi yoyo, sai a karkatar da bayan gida ta gefen ciki ɗinkin ya huta ya warke, daga baya a mayar.

Ki koma wajensa kafin ranar, ki tafi da mijinki ko wata mai riƙe magana, ki rubuta tambayoyinki a takarda. Ki tambaye shi wanne cikin ukun ya fi zato, da kamara ne ko buɗewa, me za a yi da mahaifa da ƙwayayen haihuwa tunda kina neman haihuwa, a faɗa miki a fili kafin ki sa hannu. Ki kwashi duk maganin da kike sha a leda ki nuna, har diklofenak ɗin da na san kina sha in ciwon ya tashi, da asfirin in akwai, da maganin ƙarin jini. Za a auna jininki, mata masu ciwon nan da yawa jininsu ƙasa yake, gara a gano yanzu a gyara. Ki shirya 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya da suka kai kilo 50 ko za a ce a ba da jini. Ki je ofishin kuɗi da katinki na inshorar lafiya, NHIS, su faɗa miki abin da zai ɗauka da wanda za ku biya, kar sai ranar a fara buga waya ana neman MoMo. Maganar daina ci da sha kuma ki bi awannin da suka ba ki daidai, ko sun bambanta da na wata.

Wannan kuma ki sa mijinki ya karanta. In kun koma gida kika ji zazzaɓi ya kai 38, ko ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon raguwa, ciki ya kumbura ya yi tauri, amai ya ƙi tsayawa, jini mai yawa ta gaba ko ta baya, fitsari ya ƙi fita, iska ko bayan gida na fitowa ta gaba, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, kar a ce maleriya ce a je famasi, kar a jira gari ya waye. A koma inda aka yi aikin, in ya yi nisa a wuce asibitin Komfo Anokye ɓangaren gaggawa da takardar sallamarki a hannu. Yoyon haɗin hanji ya fi faruwa a satin farko zuwa kwana goma, kuma in an zo da wuri ana shawo kansa. Ki sayi abin auna zafin jiki, ba shi da tsada.

Tiramadol da kodin suna ɗaure ciki, in an ba ki ki tambayi abin da za ki haɗa da shi, kar ki yi yunƙuri a bayi, kuma kar ki sa komai ta dubura, ko maganin matsi ko bentua, robar nan ta ɗura ruwa, sai likitan hanjin ya yarda. Ciwon yana iya dawowa bayan aiki, akwai magungunan da ake ba wa mace don danne shi amma suna hana ɗaukar ciki muddin ana sha, don haka ku zauna da likita ku tsara wanne za a sa gaba.

Baban Sadik, Alabar:

Salam. Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, na ga ba wanda ya yi bayanin jakar ne daga gida. Maiɗakina an sa mata, ta yi wata uku da ita kafin a mayar. Satin farko ko kallon wurin ba ta yi, ni nas ta koya wa yadda ake yanka bakin jakar daidai girman wurin a manna, a gefen dama ƙasan cibiya kaɗan, wani ɗan jan nama ne kamar cikin baki kuma taɓa shi ba ya mata zafi. Ana zubarwa sau da yawa a rana, a canza ta bayan 'yan kwanaki. Abin da ke fita ruwa ruwa ne don haka jiki na saurin bushewa, kullum akwai ORS a ɗakinmu. In ta sa abaya ba mai ganewa, ta je suna ta je makaranta da ita. Wahalar da muka sha ita ce samun jakar, ba kowane famasi ke da ita ba, sai da na yi ta yawo a Adum, daga baya na koyi saye kafin ta hannu ta ƙare. Na tambayi malaminmu batun salla ya ce hukuncinta na mai lalura ne irin mai yoyon fitsari, ta zubar ta tsabtace ta yi alwala in lokaci ya shiga ta yi sallarta.

'Yar uwa ki ba maigidanki wayar ya ga wannan. Malam, ɗebo ruwa da wanki da zubar da fo naka ne na ɗan lokaci, kuma maganar shimfiɗa sai likita ya ba da izini, mu sai da muka haura wata biyu.

'Yar Aboabo:

Na gode ƙwarai, wallahi ina karantawa ina hawaye. Mma na gode da addu'a, zan tafi da uwar mijina ranar Talata in sha Allah, jiƙon dai zan haƙura da shi kamar yadda Anti ta ce. Baban Sadik na ba shi ya karanta, ya yi shiru ya daɗe, sai ya tashi ya kira ƙanwarsa da ke Tafo, ɗakinta da bayi a ciki, ta ce in zo in zauna har in warke. Na rubuta tambaya tara a bayan littafin bashin shago. Yaya Maman Hamdiya abu ɗaya ya rage, gidan nata bene ne hawa ɗaya, zan iya hawa ranar da aka sallame ni?

Maman Hamdiya, Nima:

Za ki iya ƙanwata, na yayata ma bene ne. Taka ɗaya ki tsaya, hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya a filo, wani na bayanki, kar ki riƙe ko jakar hannu. In kin hau ki yi zamanki a sama kwana biyu uku, ki riƙa zagaya baranda safe da yamma. Ki ce mata ta samo miki ɗan ƙaramin benci na ɗora ƙafa in kin zauna a bayi, yana sauƙaƙa fita ba sai kin yi nishi ba. Ranar Talatar in kun fito ki dawo ki faɗa mana wanne cikin ukun ya ce.